Kamfani ya zuba guba ya tafi: me ya sa gwamnati ce ke biyan kuɗin gyara?

Duk lokacin da aka ji wata gwamnati ta ware maƙudan kuɗi don tsabtace filin tsohuwar masana'anta a tsakiyar birni, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce: wanda ya ɓata wurin yana ina? Kamfani ya yi shekara hamsin yana kwasar riba, ya tsiyaye gubarsa a ƙasa, ya garƙame ƙofa ya kama gabansa, sannan a ce mai biyan haraji ne zai share? Ga asibitoci na neman magani, ga makarantu na neman rufi.

Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. A dokar ababen more rayuwa da Amurka ta kafa a 2021 kaɗai, an ware dala biliyan 3.5 don wuraren da gubarsu ta fi muni, da wata dala biliyan 1.5 don farfaɗo da filayen da aka yi watsi da su. Tambayar mutane tana kan hanya. Sai dai amsarta na buƙatar a san yadda fili mai daraja a cikin gari ke komawa abin da kowa ke gudu, har da mai shi.

Wane irin fili ake nufi?

Ba sai babbar masana'antar sinadarai ba. Tsohon gidan mai da tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya yi tsatsa yana yoyo, majema, wurin narka batir, garejin jiragen ƙasa, shagon wankin kaya da sinadari, tsohon juji da aka binne aka manta, duk suna ciki. Abin da ke saura a ƙasa ya danganta da sana'ar da aka yi a wurin: dalma, zaiba, arsenik, asbestos, ragowar man fetur, ko sinadaran wanke maiƙo. Ƙarafa irin su dalma ba sa ruɓewa, suna nan har sai an kwashe su. Sinadaran wanke maiƙo kuwa nutsewa suke yi su bi ruwan ƙarƙashin ƙasa su ɓulla a rijiyar da ke nesa da inda aka zuba su, wani lokaci ma tururinsu ya hau ta daɓen gida ba tare da mazauna sun ankara ba.

Akwai wani abu a ma'anar da dokar Amurka ta ba wa irin wannan fili da ya kamata a lura da shi. Ba ta tsaya ga filin da aka tabbatar yana da guba ba, ta haɗa da wanda ake zargin yana da ita. Zargi kaɗai ya isa ya kashe kasuwar fili. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin waɗannan kufai sun haura 450,000 a ƙasar, a Turai kuma an ƙiyasta wurare kusan miliyan 2.8 da wataƙila sun gurɓata. Mafi yawansu ba a taɓa auna ƙasarsu ba.

Makarantar da aka gina a kan ganguna

Babbar dokar Amurka kan wannan batu ta samo asali ne daga wata unguwa a birnin Niagara Falls na jihar New York, wadda ake kira Love Canal. Daga 1942 zuwa 1953 kamfanin Hooker Chemical ya binne kusan tan 21,000 na sharar sinadarai a wani ramin magudanar ruwa da aka fara haƙawa aka bari. Da ya gama, ya rufe da ƙasa, ya sayar wa hukumar ilimi ta birnin a kan dala ɗaya tak, ya kuma rubuta a takardar cinikin cewa akwai shara a wurin, kuma ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. Hukumar ta gina makarantar firamare, mutane suka zagaye ta da gidaje.

Zuwa ƙarshen shekarun 1970, bayan ruwan sama da dusar ƙanƙara mai yawa, sinadaran suka fara tsattsafowa a ɗakunan ƙasa da farfajiyar gidaje. Wata uwa mai suna Lois Gibbs, wadda ɗanta ke makarantar, ta bi gida-gida tana haɗa kan maƙwabta. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, daga baya aka kwashe iyalai sama da 800. A Disamban 1980 aka sa hannu kan dokar da ta kafa asusun da aka fi sani da Superfund, da dala biliyan 1.6, akasari daga haraji kan kamfanonin sinadarai da na man fetur.

Ƙa'idar dokar ita ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Gwamnati za ta iya fara aiki da kuɗin asusu, sannan ta bi masu laifi kotu su biya. Kuma sun biya a wurare da dama. Kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker, ya amince a 1995 ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129. Duba dai tazarar: shekara 42 bayan an rufe ramin.

Maganin da ya haifar da wani ciwo

Don kada kowa ya sille, an tsaurara dokar sosai. Ba sai an nuna ka yi sakaci ba. Tana aiki har kan abin da aka zuba kafin a kafa ta. Idan kamfanoni goma ne suka zuba shara, tara suka karye, ana iya ɗora wa na goman kuɗin gaba ɗaya. Abin da ya fi ɗaga hankalin 'yan kasuwa shi ne, wanda ya mallaki filin a yau ma yana cikin waɗanda za a iya kamawa, ko da ba a haife shi ba lokacin da aka yi ɓarnar.

Sai kowa ya ja da baya. Mai saye ya ce shi ba zai yi cinikin biri a sama ba. Mai fili ya ga gara a bar kaza cikin gashinta, domin idan ya sa aka auna ƙasar aka samu guba, ya jawo wa kansa. Ya fi masa sauƙi ya zagaye wurin da waya ya bar ciyawa ta cinye. Bankuna ma suka tsorata, musamman bayan wani hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a 1990, a shari'ar Fleet Factors, da ya nuna cewa mai ba da bashi ma zai iya shiga ciki idan yana da ikon tsoma baki a harkar wanda ya ranta wa. Ba banki, ba gini. Masu zuba jari suka koma bayan gari suna sayen gonaki, tsakiyar tsofaffin biranen masana'antu ya cika da kangaye.

A nan ne amsar tambayar farko take. Sau da yawa mai laifin babu shi. Kamfanin ya karye tun da daɗewa, ko an sayar da shi sau huɗu, ko masana'antu da yawa sun yi aiki a wuri ɗaya cikin shekara ɗari har ba a iya tantance gubar wa ce. Wani lokaci ma gwamnatin ce da kanta, ta hanyar sojojinta ko kamfanin jirgin ƙasanta. Idan mai laifin yana raye, shari'a na iya cin shekara ashirin, yaran unguwar kuma ba su daina wasa a ƙurar ba suna jiran hukunci. Ita dalma, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, babu wani adadinta a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Amurka ta gyara kuskurenta a hankali. A 1995 ta fara shirin tallafa wa ƙananan hukumomi kan irin waɗannan filaye, a 1996 ta sassauta wa bankuna, a 2002 kuma Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta kare mai saye da ba shi da hannu a gurɓatawar, matuƙar ya yi cikakken bincike kafin ya saya kuma ya kula da wurin bayan ya saya. A ganina wannan kariyar ta buɗe ƙofofi fiye da yadda tsabar kuɗi za su buɗe. Birtaniya ta bi wata hanyar: dokarta da ta fara aiki a Ingila a 2000 tana fara neman wanda ya jawo gurɓatawar ko ya bari aka yi da saninsa, sai idan ba a same shi ba ake waiwayar mai filin.

Ina kuɗin ke shiga?

A ɗauki misali mai sauƙi. Fili ne da zai yi daraja ɗari idan yana da tsabta, gyaransa kuma zai ci talatin. Wannan ba ya buƙatar gwamnati, mai saye zai cire talatin daga farashi ya yi aikinsa. Wani filin darajarsa ɗari, gyaransa ɗari da ashirin. Wannan ba wanda zai taɓa shi sai an cike giɓin. Na uku darajarsa ashirin, gyaransa ɗari biyar. Wannan kasuwa ba za ta taɓa waiwayarsa ba, sai dai a gyara shi don lafiyar jama'a kawai. Hikimar shirin gwamnati ita ce ta bambance waɗannan ukun. Inda ake yawan asarar kuɗin jama'a shi ne a rukuni na farko, wato a ba da tallafi ga aikin da ko babu tallafi za a yi shi.

Tallafin da ya fi kowanne arha shi ne na bincike. Ana fara tono tarihin wurin a tsofaffin taswirori da takardu, sannan a huda ƙasa a ɗebi samfurin ƙasa da na ruwa a kai ɗakin gwaji. Sau da yawa sai a tarar gubar ba ta kai yadda ake zato ba, ko tana kusurwa ɗaya ce kawai. Da zarar an san iyakar matsalar, ana iya sa mata farashi, banki kuma zai iya lissafi. Bayan wannan akwai tallafin aikin tsabtacewar kansa, da asusun bashi mai juyawa, inda kuɗin da wani ya biya ake ranta wa na gaba. Wasu ƙasashen ta hanyar haraji suke bi. Tun 2001 Birtaniya ke barin kamfani ya cire kashi 150 cikin ɗari na abin da ya kashe wajen gyaran ƙasa daga ribar da za a sa wa haraji, da sharaɗin ba shi ne ya gurɓata ta ba.

Daga ina gwamnati ke samo kuɗin ma batu ne da ake ja-in-ja a kai. Harajin da ke ciyar da Superfund ya ƙare a ƙarshen 1995, majalisa ba ta sabunta shi ba, nauyin ya koma kan baitulmali na fiye da shekara 25, ayyuka suka yi ta jiran layi. Sai a 2021 aka dawo da harajin sinadarai, a 2022 kuma na man fetur.

Tsabta har zuwa ina?

Wannan ita ce tambayar da ke yanke yawan kuɗin da za a kashe, kuma ita ce jama'a suka fi rashin sani a kai. Holan ta koyi darasinta a 1980 a garin Lekkerkerk, inda aka gano an gina sabuwar unguwa a kan gangunan sinadarai, aka kwashe iyalai kusan 270 aka haƙe ƙarƙashin gidajensu. Saboda firgici, ƙasar ta ɗauki matsaya mai tsauri: duk filin da za a gyara sai ya dawo yadda za a iya yin komai a kansa, har shuka abinci. Da aka ƙirga wuraren aka buga lissafi, sai aka ga baitulmali ba zai ɗauka ba. A 1997 ta sauya zuwa tsarin da yawancin ƙasashe ke bi yanzu, wato a gyara fili daidai da abin da za a yi da shi. Wurin ajiye motoci da aka malale da kwalta ba ya buƙatar tsabtar filin wasan yara.

Hakan na nufin kalmar “an tsabtace” ba ta nufin gubar ta tafi. Wani wurin ana kwashe ƙasar a kai wani juji na musamman. Wani wurin ana wanke ta, ko a gasa ta, ko a saki ƙwayoyin halitta su cinye man da ke ciki. Amma sau da yawa rufe ta kawai ake yi da yumɓu ko siminti ko sabuwar ƙasa, a rubuta a takardar fili cewa kada a haƙa rijiya, kada a tona ƙasa fiye da kaza. Tsarin yana da ma'ana, amma ya dogara da cewa bayan shekara arba'in akwai wanda zai tuna. Love Canal ma ai an rubuta gargaɗi a takarda.

Tokyo ta nuna yadda abin ke iya kwaɓewa ko a ƙasar da aka san ta da tsari. An shirya mayar da babbar kasuwar kifi ta Tsukiji zuwa Toyosu, tsohon filin masana'antar iskar gas. An yi wa jama'a alkawarin za a shimfiɗa sabuwar ƙasa mai kaurin mita 4.5. A 2016 aka gano ba a shimfiɗa ta a ƙarƙashin manyan gine-ginen ba, a farkon 2017 kuma gwaji ya nuna sinadarin benzin a ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ninka ƙa'ida sau 79. Kasuwar ba ta buɗe ba sai Oktoban 2018, kusan shekara biyu bayan ranar da aka sa.

Aikin gyaran ma na iya cutarwa

Guba da ke kwance a ƙasa wani abu ne, guba da aka tayar ta zama ƙura wani abu ne daban. Bayan an rufe masana'antar ƙarfe ta Corby a Ingila a 1980, ƙaramar hukumar garin ta yi shekaru tana kwashe sharar wurin a manyan motoci, da yawa ba a rufe su ba, suna bi ta cikin gari. Daga baya aka ga ana haihuwar yara da naƙasa a hannu da ƙafa. A 2009 babbar kotu ta samu hukumar da sakaci, ta kuma ce ƙurar na iya zama sanadi, a 2010 aka sasanta da iyalan. A Changzhou ta ƙasar Sin, gidan talabijin na gwamnati ya ba da rahoto a 2016 cewa ɗalibai kusan 500 sun kamu da rashin lafiya a wata makaranta da ke daf da filin tsofaffin masana'antun sinadarai da ake kan tonawa, ko da yake hukumomin birnin sun musanta girman abin. Dokar Sin ta kare ƙasa daga gurɓata ta fara aiki a farkon 2019.

Wa zai ci moriyar?

Masu goyon bayan tallafi suna da hujja mai ƙarfi. Filin cikin gari yana da titi, da wuta, da bututun ruwa da tuni aka biya kuɗinsu, gina shi kuma na nufin an bar gona ɗaya a bayan gari. Kango ba ya biyan haraji, sai dai ya tara shara da ɓata-gari ya rage darajar maƙwabta. Wani nazari da masana tattalin arziki suka buga a 2017 ya gano cewa farashin gidajen da ke kusa da filayen da aka gyara a Amurka ya tashi da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Landan ta yi amfani da gasar Olamfik ta 2012 ta wanke kusan tan miliyan 2 na ƙasa a Stratford, aka sake amfani da mafi yawanta a wurin. A yankin Ruhr na Jamus, tsakanin 1989 da 1999, an bi wata dabara mai sauƙin kuɗi: a Duisburg an bar tsohuwar masana'antar narka ƙarfe a tsaye aka mai da ita lambun shaƙatawa, tankin gas ɗinta ya zama wurin koyon ninƙaya a ƙarƙashin ruwa.

Amma wancan kashi 5 zuwa 15 ɗin albishir ne ga mai gida, ga ɗan haya kuwa sanarwar tashi ce. Mutanen da suka zauna kusa da masana'anta ba don sha'awa suka zauna ba, can ne haya ta yi arha. Su suka shaƙi hayaƙin tsawon shekaru. Idan aka gyara wurin da kuɗin kowa, haya ta tashi, suka tattara suka tafi, mai ginin benaye ya kwashi riba, to an yi kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Shi ya sa birane da dama ke ɗaura sharaɗi a jikin tallafi: wani kaso na gidajen ya zama mai rangwamen haya, a horar da 'yan unguwa a ɗauke su aiki, ko gwamnati ta karɓi rabonta idan riba ta wuce wani mataki. A unguwar Gowanus ta New York, inda aka sa magudanar ruwan unguwar cikin jerin gurɓatattun wurare na Superfund a 2010, tsarin gine-ginen da aka amince da shi a 2021 ya tanadi gidaje sama da 8,000, kusan 3,000 daga cikinsu masu rangwame. Ko rangwamen ya kai aljihun tsofaffin mazauna, wannan shi ake ta gardama a kai.

Akwai kuma masu cewa tallafi na koya wa kamfanonin yau cewa su ma za a share musu. Maganin da ƙasashe suka fi bi shi ne hana mai laifi cin tallafi, da tilasta wa masana'antu masu haɗari ajiye kuɗin jingina ko inshora tun kafin su fara aiki.

Inda fili ba shi da kasuwa

Duk wannan lissafin ya ginu ne a kan cewa akwai mai son filin. Inda babu, labarin ya sha bamban. A Kabwe ta Zambiya an yi kusan shekara 90 ana haƙar dalma ana narka ta, aka rufe ma'adinan a 1994, aka bar tsaunin shara a gefen unguwanni. Babu mai ginin benaye da ke jiran wurin. Gwamnati ta karɓi bashin kusan dala miliyan 65 daga Bankin Duniya a 2016 don aikin gyara a Kabwe da wasu garuruwan ma'adinai, wato 'yan ƙasar da gubar ta cutar su ne za su biya. Ƙarar da aka shigar a madadin mazauna garin a Afirka ta Kudu a 2020 kan kamfanin haƙar ma'adinai na Anglo American, wanda ya musanta alhaki, ta daɗe tana fama a matakin ko za a saurare ta a matsayin ƙarar jama'a.

A Bhopal ta Indiya, inda iskar gas mai guba daga wata masana'antar sinadarai ta kashe dubban mutane a Disamban 1984, sai a Janairun 2025 aka loda tan 337 na sharar da ke jibge a harabar masana'antar aka fitar da ita daga birnin. Masu fafutuka a can sun ce wannan ɗan kaɗan ne daga abin da ke binne a ƙasa da wanda ya riga ya shiga ruwa. Mutanen Pithampur, garin da aka kai sharar don ƙonawa, suka fito zanga-zanga suna cewa a mayar da ita inda aka ɗebo ta.